Gidan Da Na Saya Da Tsoho A Ciki

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, na sayi gida a garin Isa. Shi ne gida na farko da na taɓa mallaka, ban kuma sake mallakar wani ba.

A lokacin zaman ƙauye ya gagara. Birnin Alkalawa ya daɗe da faɗuwa, tun ba a haife ni ba, amma yaƙin bai mutu ba. Gobirawan da suka ƙi miƙa wuya sun koma arewa, daga can suke kawo hari, su ma masu mulki na ɓangaren Sakkwato suna kai nasu. Mu da muke tsakani a Kamarawa, mu ake takawa a wuce. Sau biyu ana ƙona mana rumbuna. A karo na biyu har masaƙata ta tafi cikin wutar, da zaren mutane da na ja ban gama ba. Ni masaƙi ne, haka mahaifina. Matata kuwa ta samu ciki bayan shekara shida muna jira, sai na ce wannan yaron ba za a haife shi inda ake gudu cikin dawa da tabarma a ka ba. Za ni shiga gari mai ganuwa.

Abokina, wanda yake dillanci a kasuwar Isa, shi ya kawo mini labarin gidan. Ya ce na wani baduku ne, Bagobiri, yana sauri zai koma Sabon Birni, garin da Gobirawa suka fara ginawa a bakin gulbi, can danginsa suka taru. Na je na gani. Zaure, ɗakuna biyu na ƙasa, rijiya, rumbu babba, ga inuwar tsamiya a ƙofar gida inda mutum zai kafa masaƙa ya ja zare yadda yake so. Na ba badukun shanu uku, iyakar gadona ke nan, su ma sun tsira ne don suna hannun wani makiyayi a Turba. Kowa ya san gidan ya fi haka. Ni kuwa maimakon in tambayi dalili, sai na yi kwana uku ina yawo a kasuwa ina ba mutane labarin wayona, wanda ya tambaya da wanda bai tambaya ba.

Ranar da zai miƙa mini gida, bayan mai unguwa da shaidu sun shafa fatiha, sai badukun ya ja hannuna zuwa bayan rumbu. Akwai wata 'yar bukka a can, an kare ta da zana, ranar da na zo dubawa na ɗauka ta awaki ce. Ya ɗaga asabari. Wani tsoho ne zaune a kan buzu, fata da ƙashi, tsagen Gobir ya cika masa kumatu, idanunsa fari fat.

Ya ce, "Wanga tsohona na. Ba ya gani, ƙafafu kuma sun mutu. Ba ni da abin ɗaukarsa yanzu. Ka yi mini haƙuri da shi kasuwa biyu, in na tada ɗaki za ni dawo da raƙumi in ɗauke shi."

Na dubi shaidu, suka dubi ƙasa. Na ce babu komai, ai uban wani uban kowa ne. Har da murmushina na faɗa.

Matsalolin gidan na farko irin waɗanda mutum zai ba da labarinsu yana dariya ne. Gara ta cinye azarar zaure, an shafe wurin da sabuwar ƙasa don kada a gani, ruwan farko ya sauko da rabin rufin. Rijiyar zartsi ce, ko jaki ba ya sha. Maƙwabta kuma ba wanda ya aiko mana da ko ƙwaryar fura ta sannu da zuwa. In matata ta shiga gidajensu ɗibar ruwa, sai hira ta tsaya har ta fita. Na ce mata ƙyale su, raini ne na mutanen gari ga ɗan ƙauye.

Tsohon shi ne aikin. Safe da yamma sai na goya shi na kai shi bayan gida, na tsaya na jira, na goyo shi na dawo. In an kai masa tuwon dawa ya ture, ya ce shi ba doki ba ne. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "masaƙi", yana jan kalmar kamar zagi. A Alkalawa aka haife shi. Yana yaro birnin ya faɗi, a gabansa aka kashe mahaifinsa a bakin ƙofa, kuma daga ranar har ranar da na same shi bai huce ba. Da hantsi ya yi sai ya fara kirarin sarakunan Gobir ɗaya bayan ɗaya, in ya gama ya koma tsine wa masu mulkin garin da muke ciki, da murya irin wadda ba ka zaci tana cikin wannan ƙirjin ba. Katangarmu gajeriya ce, hanya kuma tana bayanta.

Na durƙusa gabansa ba sau ɗaya ba. "Baba, don Allah ka rage murya. Kaina za ka sa a sare."

Ya ce, "Kanka? Wa ke son kan masaƙi? Mi za a yi da shi?"

Kasuwa biyu ta wuce, ta zama goma. Damina ta sauka ta ɗauke. Na aika da saƙo ta hannun fatake har na gaji, ba amsa. Na je wurin mai unguwa, ya ce a gaban shaidu na karɓi amana, shi ba ya da inda zai ajiye makaho. Na je wurin abokina, ya ce shi gida ya haɗa ni da shi, ba tsoho ba.

Ba za ni ɓoye muku ba, wata rana da azahar na goya shi da niyyar in kai shi ƙofar masallacin Juma'a in ajiye in taho. Ya zage ni tun safe a kan fura ta yi ruwa. Na kawo zaure sai na tarar da matata tsaye a bakin ƙofa, cikinta ya fito sosai, ta dafa bango.

Ta ce, "Malam, ina za ka da shi?"

Na ce za ni kai shi ya sha iska.

Ta ce, "In ka kai shi inda kake nufi, ka dawo ka raka ni gidanmu."

Na juya na mayar da shi bukkarsa. Shi kuwa duk yana jinmu, sai da na ajiye shi ya ce na bugar masa da gwiwa.

Bayan kaka aka kai hari wata ruga kusa da Turba. An kashe mutane, har da mata, aka kore shanu. Mahaya daga Isa suka bi sawu, suka kamo mutum ɗaya da rauni a cinya. Da aka matsa masa ya ce ba da makamai suke ƙetaro iyaka ba. Shigowa gari suke yi kamar masu cin kasuwa, su karɓa a gidan wani baduku mai tsamiya a ƙofa, a ƙarƙashin rumbu.

Ina zaune a masaƙa da safe, ƙafafuna cikin rami, na ga dogarai sun cika hanya. Ba su yi sallama ba. Suka wuce ni suka shiga har inda matata take, suka sa kafaɗa suka ture rumbun, geron da na tara da saƙar damina guda ya watse a ƙasa. Suka fasa daɓen da ke ƙarƙashi. Ba su yi nisa da haƙa ba suka fara fito da ƙunshi na fata. Kwari cike da kibau, bakin kowace an shafe shi da dafi, bakuna, takubba. Ni da su muka gan su lokaci ɗaya. Na buɗe baki in ce wani abu, wani ya doke ni da gindin mashi a ciki.

Suka ɗaure mini hannuwa ta baya da ɗanyar fata jiƙaƙƙiya, suka zaunar da ni a rana a ƙofar gidan yari har la'asar. Fatar tana bushewa tana shiga nama. Tun ina jin zafi har na daina jin hannuna na dama. Da suka kwance ni suka sa mini mari a ƙafa.

Bayan kwana uku aka kai ni gaban alƙali. Dattijo ne mai magana a hankali, bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi tsawar da ta fi mini sauƙi.

Ya ce, "Gidan na wane ne?"

Na ce, "Nawa ne, Allah gafarta Malam."

"Rumbun fa, wa ke zuba hatsi a ciki?"

"Ni ne."

"Uban mai kayan, wa ke ciyar da shi?"

"Ni ne."

"Me ya sa aka sayar maka da gidan da araha haka?"

Na ce ban tambaya ba. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba, kuma kowace gaskiya da na faɗa sai na ji ta ƙara nutsar da ni. Aka kira maƙwabta, suka ce kullum suna jin ana tsine wa masu mulki daga cikin gidana, ba su kuma taɓa jin na hana ba. A ranar na gane shirun da suke yi wa matata. Sun daɗe suna ganin baƙin fuskoki suna shiga gidan tun zamanin badukun, sun ɗauka ni magajinsa ne a wannan aiki. Aka kira abokina. Bai dube ni ba. Ya ce shi dillali ne, sanin kasuwa ya yi mini. Tare aka yi mana kaciya da shi.

Alƙali ya ce ba zai zubar da jini a kan zato ba, ba kuma zai sake ni a kan rantsuwata kaɗai ba. A nemo wanda ya san wanda ya binne kayan. Mutum ɗaya ne a garin ya sani. Aka aika muhuti, mai ɗaukar saƙon alƙali, ya tambayi tsohon. Ya dawo ya ce tsoho ya ce shi makaho ne, bai ga komai ba.

Na fi wata a ɗaure. Wanda aka kamo da rauni a cinya ɗaki ɗaya muke, bai san ni ba, ya kuma faɗa musu haka, amma ba wanda ya ɗauki maganarsa. Wata safiya aka fita da shi bai dawo ba. Daga ranar duk motsin ƙofa sai in ce ni aka zo ɗauka.

Yayan matata ne yake kawo mini abinci daga Kamarawa duk bayan kwana biyu. Wata rana ya ajiye ƙwaryar ya zauna yana ta murza bakin rigarsa. Na ce ya faɗi. Ya ce cikin matata ya zube. Tun da aka kama ni ba mai shiga gidan, ba mai ba ta ruwa, sai ta je gulbi da tulu. Tsohon kuma ba ta iya goya shi, sai ta ɗora shi a tabarma ta ja, safe da yamma. Tana cikin jan ne ciwon ya kama ta. Ya ce namiji ne, har gashi ya fito masa.

Ban yi kuka ba a lokacin. Na ce masa, "Ka koma ka ce mata ni mijinta na ce kada ta sake ba tsohon nan ko ruwa. Ka ɗauke ta ku tafi gida, a bar shi nan."

Da ya dawo na tambaye shi. Ya ce ya faɗa mata, ta ce ta ji. Na ce to? Ya ce tana nan, ba ta taho ba.

Abin da ya faru a gidan daga baya matata ta ba ni labari. Tana kwance a ɗaki ba ta iya miƙewa, tana jin tsohon yana kiran ruwa daga bukka. Kwana ɗaya ta toshe kunne. Rana ta biyu muryar ta fara dushewa, sai ta rarrafa da moɗa ta kai masa. Ya sha, ya riƙe moɗar bai mayar ba.

Ya ce, "Ɗiyata, na ji abin da mijinki ya aiko. Mi ya hana ki bi?"

Ta ce, "Baba, na gwada. Ban iya ba."

Ta ce sai ya miƙa mata moɗar. Can ya ce in yayanta ya zo, a kai shi wurin alƙali.

A kan gadon kara aka kawo shi, yayan matata da wani mutumin ƙauyenmu suka ɗauko. Aka fito da ni da marina aka zaunar gefe. Bai gaida alƙali ba. Ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin mutane ya ce:

"Kayan da kunka tono na ɗana na. Ni na nuna mishi inda za ya gina ramin. Dafin da ke bakin kibau ni na shafa shi da hannuna, makanta ba ta hana wannan. Masaƙin ga bai san komi ba. Wata shida yana goye da ni muna wuce ramin, ko sau ɗaya bai ji ƙasa ta yi amo ba. Ku sake shi, ba ya da wayon da za ya cuce ku."

Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Alƙali ya tambaye shi me ya sa bai faɗa tun farko ba.

Ya ce, "Ɗana na. Kai da za ka faɗi? Kuma kada ku ɗauka tsoronku ya kawo ni. Da ina da ido da ƙafa, da ina cikin waɗanda sunka zo Turba."

Dogarai suka motsa, alƙali ya ɗaga hannu suka tsaya. Ya ja tasbaha. Sannan ya ce a cire mini mari. Ya ce tsoho makaho gurgu, wanda ƙafarsa ɗaya take kabari, ba shi da abin da zai yi masa wanda Allah bai riga ya yi ba. Ɗansa kuwa duk ranar da ya taka ƙasar Isa jininsa ya halatta. Gidan kuma za a rushe shi, tunda mahara sun san hanyarsa, filin ya koma hannun masu gari.

Na ce, "Allah gafarta Malam, gadona ne gaba ɗaya na sa a gidan."

Ya ce ya sani, ya kuma tausaya mini, amma wanda ya cuce ni ba ya ƙarƙashin hukuncinsa.

Na ce, "Tsohon fa?"

Ya ce, "Wanda ke riƙe da shi ya ci gaba da riƙewa."

Kafin azahar aka gama rushe gidan. Ina tsaye ina kallo maƙwabtan nan da ba su taɓa amsa mini sallama da kyau ba suna kwasar azara, har wadda gara ta ci. Na ciro ƙoshiyar saƙata daga cikin ƙasa, na riƙe ta da hannun dama, ta faɗi. Na sake ɗauka ta sake faɗuwa. Yatsu uku sun mutu tun ranar ɗanyar fatar nan. Na yi ta gaya wa kaina za su farfaɗo, ba su farfaɗo ba har yau.

Na tura matata Kamarawa, na ari jakin yayanta, na ɗaure tsohon a kai da rawani, muka kama hanyar Sabon Birni. Niyyata biyu ce. In sauke wa badukun ubansa a gabansa, in kuma ga da wace fuska zai dube ni. Kwana biyu muka yi a hanya, ba mu yi maganar da ta wuce ta ruwa da bayan gida ba.

A rana ta biyu da hantsi ya ji wasu manoma suna gaisawa, suka ambaci sunan wurin. Ya ce, "Alkalawa munka kawo?" Na ce e. Ya ce in sauke shi. Na so in ƙi, sai na ga ni ma ina son hutawa. Na zaunar da shi a kan wani tudu mai tsawo, wanda aka ce ganuwar ce a da. Ya shafa ƙasar da tafin hannu.

Ya ce, "Masaƙi, mi kake gani?"

Na ce, "Karan gero. Da awaki."

"Ƙofa fa? Akwai wata babbar ƙofa ta wajen gulbi."

"Babu ƙofa, Baba."

"Ko alamarta?"

Na duba da gaske, don in samu abin da za ni ce masa. Na ce babu. Ya kaɗe hannunsa a jikin riga ya ce in mayar da shi kan jaki.

Sabon Birni a lokacin ana ta gini, ko'ina tubali da masu kwaɓa ƙasa. Ban sha wuyar samun badukun ba. Yana cikin kasuwa a rumfarsa, ya yi ƙiba, yana ɗinka kuben wuƙa, mutum huɗu ko biyar suna zaune tare da shi. Na tsayar da jakin a gindin wata kurna, taku kaɗan daga rumfar, na ƙarasa na yi sallama. Ya ɗago ya gane ni, ya mayar da kai kan ɗinkinsa.

Na ce, "Kasuwa biyu ka ce."

Ya ci gaba da ɗinki. Na faɗa masa komai a gaban mutanensa, rumbu, mari, ɗana, gidan. Na nuna masa hannuna. Na ce ban zo neman shanuna ba, na san sun tafi. Ga ubanka can, ka karɓe shi.

Ya ce, "Labari ya riga ka zuwa. Mutum ukku anka kashe cikin namu bayan maganar da ya yi, don an bi sawun masu shiga gidan. Wanda ya ba da ni gaban alƙalinsu saboda baƙo, ba ubana ba ne."

Na ce, "Kai ka bar shi wata bakwai yana jiranka."

Ya ce, "Na sai maka gida da abin da ke ciki. Ka tahi tun rana ba ta yi zafi ba."

Tsohon ya ji muryar. Daga kan jaki ya kira shi, da wani suna na yarinta da ban taɓa ji ba. Ya kira sau uku. Na farko da ƙarfi, irin muryar kirarin nan, na uku da ƙyar na ji shi. Badukun bai daina ɗinki ba. Na ga ya soki yatsa, ya sa a baki ya tsotse, ya ci gaba. Ɗaya daga cikin mutanen rumfar ya gyara zaman wuƙarsa a ƙugu yana kallon fuskata, wadda ba ta da tsage ko ɗaya. Na koma wurin jakin.

Tsohon ya ce, "Aje ni nan. Ka tahi."

Na kwance rawanin na sauke shi a gindin kurnar, na ajiye masa goran ruwa kusa da hannu, na ja jakina. Har ƙofar gari na kai. Ina so in ce tausayi ne ya mayar da ni, amma ba shi ba ne. Na tsaya ne ina tunanin abin da za ni ce wa matata in ta tambaye ni, na juya ƙarya iri-iri a kaina, na ga ba wadda za ta wuce ta. Na koma na same shi yadda na bar shi, bai taɓa goran ba. Na ɗora shi a jaki. Bai tambayi ko wane ne ba.

A Kamarawa yayan matata ya ba mu bukka biyu a gefen gidansa. Na koma noman ƙwadago da hannu ɗaya da rabi, ni da a da ake layi a ƙofata ana jiran zane. Tsohon ya yi damina ɗaya tare da mu. Ya daina kirari, ya daina tsinuwa, abin da aka ba shi shi yake ci. Wallahi akwai ranakun da na so ya zage ni, don in samu inda za ni sauke abin da ke cikina. Na ci gaba da goya shi safe da yamma, ba na ce masa komai, ba ya ce mini.

Wata rana da la'asar na dawo daga gona na shiga in ɗauke shi, sai ya riƙe mini hannu, na daman, ya shafa yatsun nan uku ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Yaron da ya zube, kun sa mishi suna?"

Na ce ba a sa wa wanda bai yi kuka ba.

Ya ce, "Da na yi magana ranar da muhuti ya zo, da yanzu yana rarrafe." Ya ja numfashi. "Na roƙi matarka, ta yafe. Saura kai. Ka yafe mini."

Na tsaya a kansa. Kalma biyu ce, ko yaro ya iya faɗinta. Ya ɗaga fuska yana jira, fararen idanun nan a buɗe. Na zare hannuna na ce masa rana tana faɗuwa, ya zo in kai shi bayan gida. Washegari da hantsi ina gona aka aiko ya cika. Ni da yayan matata muka yi masa wanka, muka binne shi a maƙabartar ƙauyenmu, cikin mutanen da ya yi rayuwarsa yana tsine wa irinsu.

Matata ba ta sake samun ciki ba. Ta rasu shekara goma sha ɗaya bayansa, ba ta taɓa yi mini gorin gidan ba, ba ta kuma taɓa tambayata abin da na amsa wa tsohon ba. Ina jin ta sani. Abokina kuwa mun haɗu sau ɗaya a kasuwar Isa, ya tsallaka layin masu gishiri don kada mu gaisa.

Mutane in sun ji labarin nan sukan ce na samu lada mai yawa. Wani malami ya ce mini irina ne ake shiga Aljanna ba hisabi. Na yi masa godiya kawai. Ni na san ban yi komai don Allah ba. Na riƙe tsohon ne don an ƙi karɓarsa, na koma na ɗauko shi don tsoron idon matata, kuma abu ɗaya da ya roƙe ni wanda yake hannuna ni kaɗai, na hana shi. Wasu kuma sukan ce darasin shi ne mutum ya bincika kafin ya sayi gida. Gaskiya ne, amma wa za ni tambaya? Duk unguwar sun sani, shaidun ma sun sani, suka shafa fatiha.

Yanzu ni ma ƙafafuna sun fara ƙi. 'Ya'yan yayan matata ne suke kama ni in za ni fita, kuma ina jin yadda suke sauke numfashi in na kira su. Ba na jin haushinsu, na san wannan numfashin. Ranar Juma'a in na samu mai raka ni, nakan je maƙabarta in gaida matata, in na gama in matsa wurin tsohon. Nakan zauna in ce, "Baba, na yafe." Na faɗa ya fi a ƙirga. Bakina ne yake faɗa, kuma duk lokacin da na faɗa sai in saurara in ji ko wani abu zai sauka daga ƙirjina. Har Juma'ar da ta wuce bai sauka ba.